Asabar Ɗin da Cleon Ya Yi Magana

Detroit, 20 ga Satumba, 1998

Ƙanina Roscoe,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya a duk inda jirgin ruwanku yake, kuma ƙafar nan taka ta daina kumbura. Ni dai da sauƙi. Hawan jinin ya ɗan sauka, ina zuwa aiki, ina wanke zannuwan tsofaffi kamar kullum. Mutanen coci suna tambayarka.

Kada ka yi mamakin ganin rubutuna maimakon na yayanka. Tun da likitoci suka cire masa maƙogwaro, shi ke zama a teburin nan ya rubuta maka, ni kuma in kai bakin kogi wurin masu ƙaramin jirgin da ke miƙa muku wasiƙu a bokiti. Ya rasu tun watan Yuni, amma ƙafata ta saba da hanyar. Wayar gida kuwa na cire ta daga bango. Masu talla ke kira suna cewa a ba su Mista Cleon Pruitt, ni kuma ba ni da bakin amsa musu.

Ka san tashar talabijin ɗin nan ta dawo da Dandalin Asabar, shirin rawar da kuka tashi da shi, suna bin sa daki-daki daga shekarar saba'in da ɗaya. Kafin Cleon ya kwanta jinya ya saita bidiyo yadda zai riƙa ɗauka da kansa duk Asabar, daga ƙarfe huɗu zuwa biyar, tun da ina wurin aiki a lokacin. Nawa kawai in sa sabon kaset da safe. Ban taɓa taɓa masa ko maɓalli ɗaya ba.

Na kalli na jiya. Roscoe, wai da gaske kun sa waɗannan wandunan kun fita titi? An sa waƙar nan ta 'yan mata uku, "Kar Ka Kashe Fitila", har yanzu tana da daɗi, ta tsakiyar ce dai take ihu kamar an taka ta. Wadda ta zo ta ɗaya a makon kuwa, ta mutumin nan mai kuka saboda motarsa, ban ga abin da mutane suka gani a cikinta ba.

Ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Na manta muryarsa. Shekara shida ina zaune da shi yana rubuta mini a ɗan allo, ban lura tana zamewa ba. Ran nan ina shanya na ce bari in tuna yadda yake kiran sunana, sai na ji wayam. Fuskarsa na nan, hannunsa na nan, ƙanshin man gashinsa ma na nan, amma murya babu. Na juye gidan nan kaf, ba kaset ɗaya mai maganarsa. Tsoro ya kama ni, don in murya ta tafi ban san abin da zai bi bayanta ba.

To, ka san labarin da yake bayarwa a duk taro: yana ɗan shekara goma sha bakwai aka gayyaci makarantarku shirin, aka jawo shi gaba cikin yaran da ke ba sabuwar waƙa maki, aka sa "Jira Ni a Tasha", ya ba ta casa'in da takwas cikin ɗari, ya ce wata rana da ita zai yi aure. Ni a lokacin ina Alabama ina tsinkar wake, ban gani ba. Da ita kuwa muka yi rawar bikinmu. Makon da ya fito a shirin yana tafe, Roscoe. Shi nake jira.

Matar yayanka,
Verlene

*

A kan tafki, 3 ga Oktoba

Matar Yaya,

Na gaishe ki, ya ƙarin haƙuri. Da bokiti ya hau na ga ambulan irin na Yaya, sai da na nemi wuri na zauna. Ƙafa da sauƙi. Ina nan ina dafa wa ƙattai ashirin da wani abu, masu cin abinci kamar an yi musu bushara da yunwa.

Ki bar wandunanmu su huta. Ke da kika zo garin nan da takalmin coci a ƙafa kina tambayar ina ake hawa jirgin ƙasa na cikin gari. Kuma waƙar mota da kika raina, ita ta aurar da rabin unguwarmu. Ta tsakiyar nan mai ihu kuwa, ki iya bakinki, na taɓa rubuta mata wasiƙa. Ba ta amsa ba.

Muna da talabijin a ɗakin cin abinci, amma tashar ba ta kamawa sai mun matso kusa da gida. A saman tafki sai yayyafi fari kawai.

Maganar wancan makon. Verlene, ni da za ki ji tawa, da kin bar shi ya wuce. Ki riƙe labarin yadda ya ba ki shi. Ba duk abin da mutum ya faɗa a wurin gashin nama ake zuwa a duba ba. Ki ci abinci, ki mayar da wayar nan.

Ƙaninki,
Roscoe

*

Detroit, 18 ga Oktoba

Roscoe,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ni ban da lafiyar kirki tun da takardarka ta zo. Na karanta ta a tsaye, na karanta ta a zaune, na kai wa maƙwabciyata Odessa ta karanta mini ko idona ne.

Me kake nufi da in bar shi ya wuce? Gaya mini gaskiya. Bai hau shirin ba ne? Ƙirƙirar labarin ya yi? Odessa ta ce, "Ke Verlene, maza duk haka suke. Nawa ya mutu yana rantsuwa ya taɓa dambe da zakaran jiha, ashe tikiti yake yagewa a ƙofa." Ta yi dariya, ni ban yi ba. In ƙarya ya yi, ban damu da ƙaryar ba. Abin da ke hana ni barci shi ne, in bai hau ba, to babu muryarsa a ko'ina a duniyar nan. Ba a kaset, ba a kaina.

A shirin jiya mai gabatarwa ya karanta jerin makarantun da za su zo. Taku ita ce Asabar ta ƙarshen watan nan. Sauran shirin ban fahimci komai ba, sai wata waƙa ta wani ɗan siriri mai gashi kamar laima, wadda yaran suka ba tamanin. Da ni ce, arba'in ma alfarma ce.

Shugabar aikinmu ta ce in ɗauki hutu ranar in kalla kai tsaye. Na ce a'a. Ba zan iya zama gaban akwatin nan ni kaɗai ina jiran ko zai fito ko ba zai fito ba. Zuciyata ba za ta ɗauka ba. Gara in je in yi wankina, injin da ya saita da hannunsa ya ɗauka mini, in dawo in riƙe kaset ɗin, in kalla ranar da na sami ƙarfi. Bai taɓa kuskure ba ko sau ɗaya.

In na ji shi, shi ke nan, ba ni da sauran abin da nake jira a duniya.

Verlene

*

Duluth, 27 ga Oktoba

Verlene,

Gaisuwa a gurguje, ana loda mana tamar ƙarfe, kafin yamma za mu tashi. Na kira gidanki daga wayar bakin tasha har kunnena ya yi zafi. Lambar Odessa ba ni da ita.

Na farko: ya hau. Ina wurin, ina bayansa a cikin taro. Ya yi magana, kowa ya ji. Ba abin da nake nufi ke nan ba, ki yafe mini, hannuna ya fi iya wuƙa a kan biro.

Na biyu, kuma don Allah ki karanta da kyau: AGOGO. Ranar Lahadi aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙasar nan in sanyi ya gabato. Bidiyon nan ba ya gyara kansa. Yaya ne ke bi ɗaki-ɗaki yana gyarawa duk shekara, ke ba ki taɓa lura ba. Lokacin da ya saita shi muna kan lokacin bazara. In ba ki mayar da agogon injin baya ba, zai fara ɗauka kafin shirin, ya tsaya daidai lokacin da za a fara. Ki kira ɗan Odessa ko kowa ya gyara. Ko ki zauna a gida.

Na uku: mene ne "ba ni da sauran abin da nake jira a duniya"? Na karanta layin nan ina soya ƙwai har ya ƙone. Kada ki sake rubuta mini irin wannan.

Allah ya sa takardar nan ta riga Asabar.

Roscoe

*

Detroit, 2 ga Nuwamba

Roscoe,

Lafiya lau. Takardarka ta zo yau Litinin.

Na gyara agogon kicin ranar Lahadin, na gyara na hannuna, na gyara na kusa da gado. Na wuce ta gaban injin ban ko kalle shi ba, don abin da Cleon ya saita ba na taɓawa.

Ranar Asabar na dawo daga aiki, yara suna ta yawo a layi da kayan dodanni suna ƙwanƙwasa ƙofofi suna karɓar alewa. Na ba su duk abin da na saya a lokaci ɗaya na kashe fitilar waje. Na ce ba zan kalla ba sai gobe, amma ko takalmi ban cire ba na mayar da kaset farko. Sai ga waɗansu mutane masu tumbi suna gasar jifa da ƙwallo. Na ce talla ce. Na jira. Na tura gaba. Su ne dai. Awa guda cur. A can ƙarshe sai gangar buɗe shirin ta tashi, mai gabatarwa ya fito ya ɗaga hannu ya ce, "Barkanku da Asabar, yau muna tare da," sai kaset ya yi baƙi.

Yau na je gidan Odessa na kira tashar. Yarinyar da ta ɗauka tana da kirki. Ta ce ba sa maimaitawa, kuma ba su da izinin ba kowa kwafi saboda waƙoƙin ba nasu ba ne. Na ce ba waƙa nake so ba, yaron da ya yi magana bayan waƙar nake so. Ta ce ta yi mini baƙin ciki.

Ya yi magana a cikin falona, Roscoe, ina can ina linke zanin gado saboda tsoro. Sau biyu ke nan ina rasa shi.

Na kwashe rigunansa na kai coci. Na share gida tas. Agogonsa na hannu na sa maka a ambulan na ba Odessa ta ajiye, naka ne. Kada ka sake rubuto mini maganar waƙa. Kada kuma ka damu da ni, na gaji ne kawai, hutu nake so.

Verlene

*

A bakin kogi, 5 ga Nuwamba

Matar Yaya,

Ina rubutu a tsaye, an ce ƙaramin jirgin ya taso. Ban san ko takardata ta riga Asabar ba, don haka ban yarda da sa'a ba. Ranar muna ƙasa da gari kaɗan, tashar tana kamawa tana saki. Na ɗauko rikodar da nake jin waƙa da ita a kicin, na manna ta a bakin talabijin. Wani matuƙi ya riƙe mini eriya da hannu yana tsaye a kan kujera, na yi masa alkawarin kek ɗin dankali. Hoto babu, sauti kawai, kuma akwai ƙarar inji. Amma yana ciki.

In naki ya ɗauka, ki jefar da wannan. In bai ɗauka ba, ki ji da kunnenki, kuma ki yi masa afuwa. Yaro ne.

R.

*

A fake bayan wani tsibiri, 11 ga Nuwamba

Verlene,

Bokitin da ya sauka da kaset shi ya hau da takardarki. Kafin in gama karantawa ƙaramin jirgin ya juya. Na tsaya ina kallon fitilun garin suna wucewa, gidanki na can, ba ni da yadda zan yi.

Mene ne na raba riguna? Mene ne na ba ni agogo? Wane irin hutu? Mahaifiyarmu haka ta yi bayan Baba, ta share gida, ta raba kaya, ta ce ta gaji, ba ta ga bazara ba. Na roƙi kyaftin ya sa a kira cocinku ta rediyo, aka ce wayar tana ta ringi ba kowa.

Iska ta tsare mu a nan. Jiya tukwane suka yi ta yawo a kicin, igiyar ruwa tana hawa har saman jirgi. Na shekara ashirin a tafkin nan, wannan karon ba ruwan nake tsoro ba. Ban san ko kaset ya iso ba, ban san ko akwai mai buɗe ƙofa ya karɓa ba. Daga gidanmu ke kaɗai kika rage mini wadda zan yi wa tsiya. Ki rubuto ko da layi ɗaya ne, ko da zagi ne.

Roscoe

*

Detroit, 17 ga Nuwamba

Ƙanina,

Ina raye. Na fara da wannan don ka saki numfashi. Ina fata iskar ta sake ku, kuma ƙafar ba ta tashi ba saboda tsayuwa. Ka yafe mini tsoron da na jefa ka. Rigunan kuwa, sanyi ya zo ne, akwai masu bukata. Hutun kuma barci nake nufi, ko da yake ba zan rantse maka cewa a makon nan na damu in farka ba.

Kaset ya iso tuntuni. Na ajiye shi a kan firij, ina wucewa ina kallonsa kamar wani abu mai cizo. Da can tsorona kada in rasa muryar. Da ta shigo hannuna sai tsoron ya sake kama: in na sa, na ji, ban gane shi ba fa? In ya zama baƙo ne yake magana?

Shekaranjiya bayan coci Odessa ta biyo ni gida ta tsaya a kicin da hularta a kai. Ta ce, "Yau ko ki sa abin nan ko in sa shi a jakata in je in ji ni kaɗai, in zo in ba ki labari yadda na ga dama." Na ce, "Ba ki da tausayi." Ta ce, "Tausayi na bar shi a coci. Kawo rikoda."

Farko ƙarar injinku, sai kai kana ihu, "Hagu! Hagu na ce, kai ɗan ƙauye, kada ka motsa!" Sai waƙarmu ta taso daga nesa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Na riƙe bakin tebur. Ta ƙare, aka yi tafi. Mai gabatarwa ya ce, "Saurayi, sunanka?" Sai wata 'yar siririyar murya ta ce, "Cleon Pruitt, yallaɓai."

Roscoe, ban san shi ba. Abin da nake tsoro shi ya faru. Yaro ne kawai, kamar kowane yaro da ke tura keken kaya a kanti. Na kai hannu zan kashe. Odessa ta buge mini hannu.

Mutumin ya ce, "To, Cleon, yaya ka ji wannan sabuwa?" Sai na ji tsaki. Dogon tsakin nan nasa ta gefen haƙori, wanda yake yi in an kawo masa kofi mai sanyi. Sai ya ce, "To, ni dai, ba don in ɓata wa kowa ba," yana jan "to" ɗin nan kamar zai kai shi gobe. Na miƙe tsaye ban sani ba. Shi ne. Da wannan yake fara duk wata rigima da muka taɓa yi a gidan nan.

Ka san sauran, munafuki. "Ba don in ɓata wa kowa ba, wannan waƙar tsofaffi ce. Mutum zai yi barci a tsaye. Ba za ta kai mako biyu ba." Aka ce, "Maki nawa?" Ya ce, "Talatin da biyar. Biyar ɗin don mai ganga ne."

Odessa ta zame daga kujera. "Casa'in da takwas!" take cewa tana dukan cinya. "Da ita zai yi aure! Wayyo, Cleon, ko a kabari sai ka ji kunya!" Ni kuwa na tsaya a tsakiyar kicin na ce da ƙarfi, "Cleon Pruitt, kai maƙaryaci ne!"

Sai ya amsa mini. Ba a kaset ba, kaset ya riga ya koma ƙarar inji da dariyarka. A cikin kaina, da muryarsa ta girma, mai kauri, wadda ya kira ni da ita shekaru kafin ciwo: "To, Lene, ni dai, ai lokacin ban gan ki ba." Na ji ta sarai, har da 'yar dishewar nan ta safe. Na zauna a ƙasa kusa da Odessa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, ita tana dariya tana share mini fuska da hannun rigar cocinta.

Tun ranar muryar ba ta tafi ba. Jiya ina shanya na gwada, a tsorace, sai na ji ya kira sunana.

Shekara ashirin da huɗu yana jawo ni rawa duk inda aka sa waƙar nan, yana raɗa mini cewa tun ranar farko ya san tamu ce. Kai kuma kana gefe da farantin nama kana gyaɗa kai. Za mu yi wannan shari'ar in ka sauka. Ka zo cin abincin bikin Godiya na ƙarshen watan nan, zan yi ganye da burodin masara, kek ɗin dankalin mai riƙe eriya kuma ni zan gasa, ka kai masa. Agogon Yayanka yana nan yana jiranka, kyauta ce ba wasiyya ba.

Shirin Asabar ɗin da ta wuce ma ya kuɓuce mini, har yanzu masu tumbi injin yake ɗauka. In ka zo ka nuna mini maɓallin, da hannuna zan gyara.

Na mayar da waya bango. Ka kira.

Matar yayanka,
Verlene